Kunio Maekawa: tambayoyi da amsoshi kan rayuwarsa da gine-ginensa

In aka ce masu zanen gini na ƙasar Japan, yawancin ɗalibai Kenzo Tange ko Tadao Ando ne ke fara faɗo musu a rai, amma kafin waɗannan akwai mutanen da suka sha wahalar share hanya, kuma a cikinsu da wuya ka samu wanda ya daɗe yana fafatawa kamar Kunio Maekawa, shekara hamsin da ɗoriya yana abu ɗaya. Ga tambayoyin da aka fi yi a kansa.

Wai shi waye Maekawa ɗin nan?

Mai zanen gine-gine ne ɗan Japan, an haife shi ranar 14 ga Mayu 1905 a garin Niigata, ya rasu ranar 26 ga Yuni 1986 a Tokyo. Yana cikin 'yan Japan na farko-farko da suka je Paris suka yi aiki a ofishin Le Corbusier, shahararren mai zanen gini ɗan asalin Switzerland da ke cikin jagororin ginin zamani, sannan suka dawo gida da niyyar yin ginin zamani na kankare da ƙarfe da gilashi, babu kwalliyar ƙarya a jikin bango. Ya zana ɗakunan kiɗa da taro, laburare, gidajen tarihi, sakatariyoyin gwamnati, bankuna, gidajen haya, har da asibiti. Galibin aikinsa na jama'a ne, irin ginin da kowa ke shiga ya fita.

Ɗan masu hali ne ko talaka ne ya taso?

Gaskiya ɗan babban gida ne. Mahaifinsa injiniyan gwamnati ne mai aikin koguna da kare ambaliya, aikin ne ma ya kai shi Niigata har aka haifi yaron a can, daga baya suka koma Tokyo. Dangin mahaifiyarsa 'yan Hirosaki ne can arewacin ƙasar, kuma kawunsa Naotake Sato babban jami'in diflomasiyya ne wanda ya taɓa riƙe ministan harkokin waje a 1937. Ƙaninsa Haruo Maekawa kuwa ya zama gwamnan babban bankin Japan daga 1979 zuwa 1984. Wannan gatan ya taimake shi, ba abin ɓoyewa bane, don ba kowane matashi bane a 1928 zai iya zuwa Turai ya zauna shekara biyu yana aiki ba albashi.

Da gaske ne ranar da ya gama jami'a ya bar ƙasar?

Eh da gaske ne. Ya kammala Jami'ar Tokyo a ƙarshen Maris 1928, a daren ranar ya kama hanya, ya bi jirgin ƙasan nan da ke ratsa Siberiya ta ƙasar Rasha har ya dangana da Paris cikin watan Afrilu. Kawun nasa lokacin yana Paris yana aiki, don haka wurin kwana bai zama matsala ba. Tun yana ɗalibi yake karanta rubuce-rubucen Le Corbusier, aikinsa na kammala karatu ma a kansa ya yi, toh shine ya ga babu abin jira.

Me ya koya a wurin Le Corbusier?

Ofishin yana lamba 35 a titin Sèvres, wani dogon lungu ne a tsohon gini, matasa daga ƙasashe daban-daban sun jeru suna zane, su Pierre Jeanneret da Charlotte Perriand duk suna nan. Daga 1928 zuwa 1930 Maekawa ya zauna. A lokacin maigidan nasu yana kan ganiyar yaɗa ƙa'idojinsa guda biyar, wato a ɗaga gini a kan ginshiƙai ƙasa ta zama fili, a yi rufi shimfiɗaɗɗe da za a iya yin lambu a kai, ginshiƙai su ɗauki nauyi ta yadda bangon ciki za ka sa shi duk inda ka ga dama, tagogi su zama dogaye a kwance, sannan fuskar gini ta samu 'yanci tunda ba ita ke ɗauke da nauyin bene ba.

Amma a ganina ba farin fenti da doguwar taga bane babban abin da ya ɗauko. Abin da ya zauna masa har tsufa shine cewa gini daga tsarin ɗakuna yake farawa, yadda mutum zai shigo ta nan ya bi ta can ya tsaya ya huta ya hau bene, in wannan ya yi daidai fuskar gini za ta fito da kanta. Kuma ya koyi cewa matsalar gidan talaka matsalar mai zanen gini ce, don a shekarun nan ofishin na ta fama da zanen ƙananan gidaje masu araha da za a iya ƙerawa da yawa lokaci guda. Za ka ga wannan ya dawo masa bayan yaƙi.

Da ya dawo gida an karɓe shi hannu bibbiyu?

Ina fa. Da farko dai ya shiga ofishin Antonin Raymond a Tokyo a 1930, wani Bature ɗan asalin ƙasar Czech da ya zo Japan tare da shahararren mai zanen gini ɗan Amurka Frank Lloyd Wright don aikin otal ɗin Imperial, ya kuma yi zamansa. Shekara biyar ya yi a can, nan ya koyi ainihin aikin, lissafin kuɗi, mu'amala da 'yan kwangila, zuba kankare da kyau, abubuwan da ofishin Paris bai cika koyarwa ba. A 1935 ya buɗe nasa ofishin a Ginza.

Sai dai zamanin ba na irin tunaninsa bane. Ƙasar na ta karkata hannun sojoji da masu zafin kishin ƙasa, kuma gasar zanen manyan gine-gine sai a rubuta cikin sharuɗɗa cewa dole ginin ya nuna kamannin Japan ko na Gabas, abin da hakan ke nufi a aikace shine a yi jikin gini na kankare irin na Turawa sannan a ɗora masa rufin gargajiya irin na fada ko wurin bauta a kai kamar hula. A 1931 aka yi gasar babban gidan tarihi na masarauta a Ueno da irin wannan sharaɗin. Maekawa yana da shekara 26 bai ma cika ba, ya san sarai ba zai ci ba, amma ya shigar da zane mai shimfiɗaɗɗen rufi tsantsar zamani, aka kuwa watsar da shi, zanen Jin Watanabe ya ci, shine ginin da ke tsaye yau a matsayin babban zauren gidan tarihin ƙasa na Tokyo. Maekawa bai yi shiru ba, ya rubuta wata maƙala mai zafi da taken da ke nufin duk wanda aka kayar shi ake kira ɗan tawaye, yana cewa kwaikwayon rufin katako da kankare ba girmama al'ada bane, cin mutuncinta ne. Daga nan matasa suka fara kallonsa a matsayin jagora. Ya ci gaba da shiga gasa yana faɗuwa yana sake shiga, kuma wallahi wannan taurin kan nasa yana burge ni.

Wane gini ne nasa na farko?

Wata cibiyar binciken sana'o'i ce ta iyalin Kimura a Hirosaki, an gama ta 1932, tun yana ofishin Raymond. Ya haɗu da mai aikin ne a Paris. Ƙaramin gini ne hawa biyu, fari fat, rufi a shimfiɗe, ga ginshiƙai ga dogayen tagogi, kai ka ce daga Faransa aka ɗauko shi aka dire. Toh amma Hirosaki gari ne na dusar ƙanƙara mai yawan gaske, ta taru a kan rufi ta narke ta shiga cikin kankare ta sake daskarewa ta fasa shi, ba a daɗe ba baranda da bakin rufin suka fara lalacewa. Duk wanda ya taɓa zama a ɗakin soro ya san shimfiɗaɗɗen rufi sai da indararo mai kyau da yaɓe kafin damina, toh shi nasa darasin da ƙanƙara ya zo masa. Ginin yana nan har yau bayan gyare-gyare, a 2021 ma gwamnati ta sa shi cikin muhimman kayan tarihi na ƙasa.

Abin sha'awa kuma garin bai guje shi ba. Gine-ginensa takwas ne a Hirosaki, harda sakatariyar gari ta 1958, zauren taron jama'a na 1964, asibiti, gidan tarihi na 1976, sai na ƙarshe a 1983 wurin da ake yin jana'iza da ƙona gawa kamar yadda al'adar mutanen Japan take. Wannan na ƙarshen katon rufi gare shi mai gangara, ya sauko ƙasa-ƙasa, launinsa duhu, ya laɓe tsakanin itatuwa da gonakin tuffa. In ka jera hoton na 1932 da na 1983 ka gama ganin tafiyar mutumin.

Lokacin yaƙin duniya na biyu me ya yi? Hannunsa fes yake?

Ba fes yake ba, kuma bai kamata a yi masa kwaskwarima ba. Da Japan ta shiga yaƙi da Sin a 1937 aka hana amfani da ƙarfe a ginin farar hula, aiki ya ƙafe a gida, ofishinsa ya buɗe reshe a Shanghai a 1939 ya zana gidajen ma'aikatan wani banki, alhali birnin yana ƙarƙashin mamayar sojojin Japan. Sannan a 1943 ya shiga gasar zanen cibiyar al'adun Japan da za a gina a Bangkok, aikin da ke cikin farfagandar daular, kuma a wannan karon shi da kansa ya sa rufi mai kamannin gargajiya. Ya zo na biyu, tsohon yaronsa Tange ya zo na ɗaya, ba a ma gina ta ba. Wasu masana na cewa ya miƙa wuya ne, wasu na cewa a'a, katako kawai ake da shi lokacin, kuma tsarin ɗakunan nasa na zamani ne duk da rufin. Ni dai ina ganin duka biyun akwai gaskiya a ciki, mutum ne mai ma'aikata da iyalansu a wuyansa, ya zaɓi ya ci gaba da aiki a ƙarƙashin gwamnatin da ke zaluntar maƙwabta, wannan yana cikin tarihinsa kamar yadda gasar 1931 take ciki.

Ance gidansa na kansa na katako ne, ya aka yi haka?

Haka ne, an gama shi 1942 a unguwar Kami-Osaki a Tokyo, tsakiyar yaƙi, lokacin doka ta ƙayyade girman gidan katako kada ya wuce kusan murabba'in mita 100, ƙarfe kuma babu. Daga waje katon rufi ne mai gangara biyu kamar gidan ƙauye, amma ka shiga ciki sai ka tarar da falo mai tsayin hawa biyu a tsakiya, bangon kudu kusan duk taga ne daga ƙasa har sama, ɗakunan kwana da kicin na gefe da gefe, ga ɗan bene a sama yana leƙen falon. Ginshiƙin da ke tsaye a tsakiyar fuskar gidan tsohuwar falwaya ce aka sake amfani da ita saboda ƙarancin kaya. Da bama-bamai suka ƙone ofishinsa na Ginza a 1945, cikin falon nan aka jera teburan zane, shi da amaryarsa da ma'aikata duk a gida ɗaya har 1954 da suka gina sabon ofis a Yotsuya. An kwance gidan a 1973 aka adana katakan, aka sake harhaɗa shi a 1996 a gidan tarihin gine-gine na fili da ke Koganei, kowa na iya zuwa ya shiga. Mutane da yawa da ba ruwansu da zanen gini wannan gidan ne suka fi so a duk aikinsa.

Bayan yaƙi fa, da ƙasar ta zama toka?

An ƙiyasta ƙarancin gidaje ya kai miliyan 4.2. Maekawa ya haɗa kai da wata masana'anta a jihar Tottori wadda a lokacin yaƙi take ƙera jiragen sama na katako, ga kafintoci ga injuna ba aikin yi, suka fara ƙera gidajen da ake kira PREMOS daga 1946, bango da rufi da daɓe duk fale-falen katako ne da ake yi a masana'anta, a loda a kai wurin a harhaɗa cikin 'yan kwanaki. Sun yi kusan guda 1,000 kafin abin ya tsaya wajen 1951. Burinsa talakan birni ya samu, amma kuɗin ya fi ƙarfin talaka, kafintan unguwa ya fi araha, yawancinsu kamfanonin haƙar kwal ne suka saya wa leburorinsu. A kasuwance bai ci ba, sai dai shekaru kaɗan bayan nan ƙera gida a masana'anta ya zama babbar sana'a a Japan.

A 1947 kuma ya yi wa kantin littattafai na Kinokuniya gini na katako a Shinjuku, mai faɗin gilashi da haske a daidai lokacin da unguwar ke cike da baraguzai da kasuwar bayan fage. Shi ne dai ya sake zana musu babban benen da ya maye gurbinsa a 1964.

Me yasa ake cewa gine-ginensa sun yi yoyo?

Saboda sun yi ɗin, kuma nan ne labarin ya fi daɗi a wurina. Da aka sake samun ƙarfe da siminti wajen 1950, Maekawa ya ce magana ta ƙare, ginin zamani ba zai tsaya a Japan ba sai fasahar kanta ta tsaya da ƙafarta. Matsalar ita ce girgizar ƙasa. Tun bayan ta 1923 da ta rusa Tokyo injiniyoyi suka saba cika gini da kaurin bangon kankare, gini ya yi nauyi ya yi duhu, tagogi ƙanana. Shi kuma yana son ya rage nauyin ne, don in gini ya yi sauƙi girgizar ma ba ta jijjiga shi da ƙarfi sosai. A hedikwatar bankin Nippon Sogo da aka gama 1952 ya gwada komai lokaci guda, ƙashin ƙarfe da aka yi wa walda, tagogin alminiyom, da fale-falen kankare marasa nauyi da aka zuba a wani wuri aka zo aka maƙala. Ginin ya ci lambar yabo ta ƙungiyar masana gini ta Japan. Sai ruwan sama ya zo, irin na guguwar teku mai dukan bango a kwance, ya bi ta mahaɗar fale-falen ya shiga ciki, don abin toshe mahaɗa na lokacin bai da inganci.

Wani zai ɗora wa ɗan kwangila laifi ya wuce, shi kuwa ya ɗauki abin a matsayin nasa, ya yi ta bin gyaran, kuma daga nan tunaninsa ya fara juyawa. Ya koma kankare tsirara mai kauri da manyan bakin rufi masu kare bango, kamar yadda za ka gani a zauren Kyoto Kaikan na 1960. Shi ma wannan ɗin bayan 'yan shekaru sai hayaƙin motoci da masana'antu da danshi suka fara baƙanta shi suna cin fuskarsa. Sai ya sake neman wata hanyar.

Wace hanya ce wannan, ta tayil ɗin da ake magana?

Eh. Yadda aka saba shine a gama bango sannan birkila ya bi da siminti yana manna tayil, kuma kowa ya san ƙarshen wannan, shekara goma sha sai ka ga suna ɓanɓarowa suna faɗowa kan mutane, balle a ƙasar girgiza. Ofishin Maekawa sai suka juya abin. Tayil ɗin mai kauri ne, gasasshiyar laka, ana jera shi tun farko a jikin katakon da ake kafawa kafin zuba kankare, a kafe shi da ƙusa ta wasu 'yan ramuka, sannan a zuba kankaren a bayansa, in ya bushe aka cire katako tayil da bango sun zama abu ɗaya. Kankaren ya samu riga mai kare shi daga ruwa, tayil ɗin kuma ba shi da inda zai je. Launinsa ja-ja ne zuwa ruwan ƙasa, kowane ɗaya da ɗan bambancinsa saboda wutar gashi, shi yasa bangon ba ya gundurar ido kuma tsufa na ƙara masa kyau.

Da wannan ya yi gine-ginen ƙarshen rayuwarsa, zauren Saitama Kaikan 1966, gidan tarihin jihar Saitama 1971, gidan zane-zane na birnin Tokyo 1975, na Kumamoto 1976, na Fukuoka 1979, na Miyagi 1981. Duk ba su da tsayi, sun baje cikin itatuwa, kuma kafin ka kai ƙofa sai ka ratsa wani fili mai daɓe, ka juya nan ka sauka can, ga benci ga inuwa, ko ba ka sayi tikiti ba kana iya zama. A ofishinsa suna kwatanta tsarin da zanen da ake yi ba a ɗaga alƙalami ba, wato tafiyarka a cikin ginin ba ta yankewa kuma ba ka komawa ta inda ka fito. A Saitama da Kumamoto sai da aka auna inda manyan itatuwa suke aka lanƙwasa ginin ya kauce musu.

Matasa a lokacin wasu sun ce tsoho ya ja baya, ya bar zamani ya koma jan bulo. Ni ban yarda ba ko kaɗan. Mutumin da ya ga gininsa na farko ƙanƙara ta ci, ya ga na banki ya yi yoyo, ya ga kankare ya baƙanta, sannan ya zauna ya nemo bangon da zai yi shekara hamsin ba a taɓa shi ba, wannan ai shine ya riƙe amanar masu biyan haraji da aka yi ginin da kuɗinsu.

Wanne ne ya fi shahara a cikin aikinsa?

Tokyo Bunka Kaikan, zauren kiɗa da wasanni da ke bakin tashar jirgin ƙasa ta Ueno, an buɗe shi 1961 don tunawa da cikar birnin shekara 500. Babban zauren na ɗaukar mutum 2,303, ƙaramin 649. Abin da ido ke fara gani shine katon bakin rufin kankare da ya lanƙwashe sama ya zagaye ginin, a ƙarƙashinsa kuma falo ne mai faɗi kamar dandali, fitilu a warwatse a silin. Mawaƙan duniya na yabon yadda sauti ke fita a ciki har gobe.

Wurin da yake ma labari ne. Daidai gabansa gidan tarihin zane-zanen Turai ne wanda Le Corbusier da kansa ya zana, aka buɗe 1959, kuma almajiransa uku 'yan Japan, Maekawa da Junzo Sakakura da Takamasa Yoshizaka, su suka ƙarasa zanen dalla-dalla suka kula da aikin, a 2016 UNESCO ta sa shi cikin kayan tarihin duniya. Maekawa ya daidaita tsayin bakin rufinsa da ginin malaminsa don kada ya danne shi. Kuma duk a cikin lambun Ueno ne, inda aka kayar da shi a 1931, yanzu in ka tsaya a wurin ga zauren kiɗansa, ga ƙarin ginin da ya yi wa gidan tarihin malaminsa a 1979, ga gidan zane-zanen birni can ciki.

Amma kada a manta da laburare da zauren kiɗa na jihar Kanagawa a Yokohama, 1954. Ƙasa na cikin talauci aka yi shi, cikin zauren duk katako ne, kuma har yau masu kiɗa na ƙaunarsa.

Ya yi gidajen haya na bene?

Ya yi, mafi suna shine na Harumi a Tokyo, 1958, hawa goma, gidaje 168, na hukumar gidaje ta ƙasa. Lif ɗin ba ya tsayawa kowane hawa, sai bayan hawa uku-uku inda aka yi faffaɗan baranda kamar layin unguwa, yara na wasa mata na hira, daga nan ka hau ko ka sauka zuwa gidanka. An rushe shi 1997.

Mece ce rigimar dogon benen da ke kusa da fadar sarki?

Kamfanin inshora na Tokio Marine ne ya ba shi aikin hedikwata a Marunouchi. Shekara da shekaru doka ta hana gini wuce mita 31, da aka sassauta a 1963 sai Maekawa ya kawo zanen bene hawa 30 mai tsayin kusan mita 127, hujjarsa ita ce in ka tafi sama ka bar yawancin filin ƙasa ga masu tafiya a ƙafa, maimakon ka cike fuloti bango da bango. Sai aka yi ca, wai za a riƙa leƙen fadar sarki daga sama, gwamnatin birni ta ƙi sa hannu, har firaministan lokacin Eisaku Sato ya nuna bai so, jaridu suka yi ta ka-ce-na-ce shekaru. Ƙarshe aka yanke shi ya koma hawa 25, mita 99.7, aka gama 1974, jan gini mai zurfafan tagogi. Bayan nan benayen da suka ninka shi tsayi suka cika unguwar ba wanda ya ce uffan, shi kuma aka fara rushe shi a 2022.

Yana da wata alaƙa da Najeriya?

Shi kansa bai yi gini a Najeriya ba, amma yaronsa ya yi aiki a nan. Kenzo Tange da ya gama jami'a a 1938 ofishin Maekawa ya fara shiga, ya yi kusan shekara huɗu kafin ya koma karatu. Shekara arba'in bayan nan, da aka tashi gina Abuja, babban tsarin birnin wani rukunin kamfanonin Amurka ne ya yi a 1979, amma tsara tsakiyar birnin, wato dogon layin da ya miƙe zuwa wajen Dutsen Aso inda majalisa da fadar shugaban ƙasa da kotun ƙoli suke, ofishin Tange aka ba. Ba duk abin da ya zana aka gina yadda ya so ba, amma ƙashin bayan yana nan.

Ba Tange kaɗai ba, Masato Otaka wanda ya kula da aikin Harumi da Bunka Kaikan, da injiniya Toshihiko Kimura, da Miho Hamaguchi wadda ke cikin matan farko a sana'ar a Japan kuma ta yi faɗan a fito da kicin daga lungun bayan gida a haɗa shi da wurin cin abinci, duk sun bi ta hannunsa.

Toh me yasa bai kai Tange suna a duniya ba?

Tange mai manyan alamu ne, filin wasan Olamfik na 1964 da rufinsa ke rataye kamar tanti hoto ɗaya ya isa ya zagaya duniya, kuma ya yi aiki a ƙasashe da yawa. Gine-ginen Maekawa na ƙarshe kuwa hoto ba ya kama su, sai ka taka da ƙafarka. A waje aikinsa kaɗan ne, rumfar Japan a baje kolin Brussels 1958, ta New York 1964, da gidan tarihin fasahar gabashin Asiya a Cologne ta Jamus 1977. Ba wai ba a san shi bane, ƙungiyar masu zanen gini ta duniya ta ba shi lambar Auguste Perret a 1963, a gida kuma shi aka fara ba babbar lambar ƙungiyar masana gini a 1968. Sannan ya kashe ƙarfinsa mai yawa a wani faɗan da ba ya kawo suna, na cewa mai zanen gini ya tsaya da kansa kada ya zama yaron kamfanin kwangila, don in mai zane da mai gini aljihunsu ɗaya ne babu mai tsaya wa mai gida. A Japan manyan kamfanonin gini su ke zane su ke ginawa, don haka wannan faɗan bai gama cinsa ba har ya rasu.

Gine-ginen nasa suna nan ko duk an rushe?

Wasu sun tafi, bankin Nippon Sogo da ginin nan mai siffar dala na Jami'ar Gakushuin duk a 2008 aka rushe su, ga Harumi ga Tokio Marine, Kyoto Kaikan kuma an rushe babban zaurensa an sake gina wani, aka buɗe 2016 da sabon suna. Amma da yawa suna nan suna aiki, kuma abin lura shine sau da yawa mutanen gari ne ke tsaya musu. Zauren Kanagawa an so a kawar da shi a shekarun 1990, masu kiɗa da mazauna Yokohama suka ƙeƙasa ƙasa har aka fasa. Gidan zane-zane na Miyagi a Sendai gwamnatin jiha ta shirya ɗauke shi zuwa sabon gini, jama'a suka yi ta tara sa hannu da taruka, a ƙarshen 2020 gwamna ya janye aka ce gyara za a yi. A Hirosaki ma akwai ƙungiyar 'yan gari da ke kula da nasu takwas ɗin, har kujerun zauren makarantar sakandaren da ya zana a 1954 sun bi sun gyara da hannunsu. Wanda ya samu zuwa Tokyo kuma lokacinsa kaɗan ne, ya fara da Ueno da safe, ya hau jirgi zuwa Koganei ya ga gidan katakon, washegari in da hali ya leƙa Yokohama.